Kurungun da Ba a Karya wa Ƙaya Ba

Ni 'yar masunta ce, aure ne ya kawo ni Potiskum, garin da ba shi da kogi sai rijiyoyi da kududdufai. Garinmu yana can gefen Fika, a bakin ruwa. Da damina kogin kan cika ya tumbatsa har ya shiga gonaki, ja wur da laka. Da rani kuma sai ya janye ya bar farin yashi, ruwan ya rage gurbi-gurbi, masu zurfi, a ƙarƙashin itatuwan da saiwoyinsu suka sauka ciki. A waɗannan wurare kifi yake taruwa yana jiran damina, kuma a nan kurungu yake zamansa.

Kurungu ɗan kifi ne, babbansa da ƙyar yake wuce tsawon hannu daga wuya zuwa yatsu. Fatarsa sulɓi ce, toka-toka da ɗigon baƙi, ga kai mai tauri, ga gashin baki. Ba ya son sarari, kullum yana maƙale a gindin saiwa ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce. Wani lokaci in ka leƙa za ka gan shi yana iyo a rigingine, ciki a sama, yana tsotsar gansakukar jikin iccen. In an fito da shi daga ruwa kuka yake yi, ƙiƙ-ƙiƙ-ƙiƙ, har muna yara mukan ce zagin masunci yake. Amma abin da kowa ya san shi da shi ƙaya ce, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe da gefe, masu haƙora irin na zarto. Da ya ji an taɓa shi sai ya miƙe su ya kulle, ko da ƙarfi ba za ka kwantar da su ba. Idan ya faɗa raga haka yake sarƙe ta, in ka ja ka yaga. Saboda haka duk masuncin da ya san aikinsa, kafin ya cire kurungu daga raga sai ya karya masa ƙayoyin nan. Tun ina ƙarama na saba da wannan ƙara, Baba yana zaune a kan yashi, raga a cinya, yana ta ƙas, ƙas, hannunsa duk tsaga da jini. Ban taɓa ganin kurungu ya shigo gidanmu da ƙayarsa cikakkiya ba.

A shekarun da nake ba da labari, wato bayan an yanke mana jihar Yobe da ɗan lokaci, sana'ata toya kifi. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai shanu kudu, ya fi kwana a hanya fiye da gida. A tsakar gida nake ɗora kasko da la'asar, masu saye su aiko yara ko su tsaya a zaure su yi sallama. Kurungu ya fi tafiya, don talaka na iya sayensa, kuma in ya ji yaji da gishiri namansa ba baya ba ne. Abin da ya rage a tire, da wanda ya farfashe a kasko, na yarana ne su uku. Ƙaramin ba a daɗe da yaye shi ba, ni nake ɓare masa naman ina sa masa a baki.

Kifin kuwa daga wurin Yaya yake zuwa, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Mu biyu muka rage. Shi ya gaji ragar Baba, shi ya tsaya a kan aurena, shi ya haƙa kabarin Inna da hannunsa. Yakan ɗora daron kifi a a-kori-kurar da ke fitowa daga Fika da sassafe, an rufe da jiƙaƙƙen buhu, in aika a karɓo mini a tasha. Wani lokaci ranar kasuwa ya biyo daron da kansa, ya ci abinci, ya yi salla, ya koma. Auta yake ce mini, ko a gaban 'ya'yana.

A wani rani mai tsananin zafi, wanda ake ta kukan ruwan kogi ya yi ƙasa da wuri, na buɗe daro wata safiya na zura hannu yadda na saba, sai na ji wani abu ya shige mini tsakanin yatsu. Zafin har ƙwaƙwalwata. Na zaro hannu, ga kurungu yana lilo a jikinsa. Na yi ta masifa ni kaɗai, na ce wane irin ganganci ne wannan, Yaya ya tsufa ne da zai manta ɗaya. Da na juye daron a tire sai na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba ɗaya ya manta ba, dukkansu ne, kowanne da ƙayarsa lafiya lau. Kuma kifin ya fi na kullum yawa.

Na sa wuƙa na sassare su, na toya, na sayar. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ni dai na san hanya ɗaya da kurungu zai fito daga ruwa da yawa haka ba tare da ya sarƙe raga ba, ita ce a same shi ya riga ya mutu yana yawo a saman ruwa, a sa ƙwarya a kwashe. A lokacin labari ya fara yawo cewa wasu marasa tsoron Allah suna zuba maganin feshin wake a gurbi, kafin rana ta ɗaga komai na ciki ya taso. Na ce a'uzubillahi, na kori tunanin. Zato zunubi ne, balle a kan wanda ya goya ni.

Daro na gaba ma haka ya zo, na bayansa ma haka. Na fara yi wa kifi kallon da ban taɓa yi masa ba. Ina ɗaga gefen kansa in leƙa, ina danna cikinsa da yatsa, ina shinshinawa. Wata rana in ji kamar akwai wani ɗan wari mai hawa kai, wata rana in ce hancina ne. Na lura akwai 'yan mitsi-mitsi a ciki, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, irin da ke zurarewa ta idon raga. Na lura naman yana saurin sakewa kafin azahar, amma kuma zafin shekarar ya isa ya sake naman shanu, balle na kifi. Mata suna cewa ƙuda ba ya sauka a kan kifin magani. Na ajiye ɗaya a rana na zauna ina gadi, ni da girmana, ina ƙirga ƙuda da ido. Suka sauka. Na ji daɗi har na tashi na ɗora kasko, can kuma wata zuciyar ta ce da ni, ƙudan Potiskum da ya saba da kwatar mahauta me zai ƙi sauka a kai.

Ana cikin haka babban ɗana ya kwana biyu yana gudawa da murɗar ciki. Lokacin ɗanyen mangwaro ne, yaran unguwa rabinsu haka suke. Na ba shi jiƙo ya warware. Duk da haka daga ranar na daina ba su ragowar kifi, na ce musu ya ƙare. Sai dai kwastomomi ban daina sayar musu ba, don ban da hujjar da zan kama, kuma da me zan ce na rufe kasko. In na miƙa wa yaron maƙwabta ƙunshin kifi sai in bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Ranar kasuwa Yaya ya zo da kansa. Na kawo masa ruwa a buta zai yi alwala, na tsaya a kansa ina kallon hannuwansa. Hannun masuncin kurungu ba ya rabuwa da sabon ciwo, in wannan ya kame wancan ya buɗe. Nasa sun warke sumul, sai tsofaffin tabo.

Na ce, "Yaya, ka daina karya wa kurungu ƙaya ne? Ya kusa raba ni da yatsa."

Ya yi dariya bai ɗago ba. "Auta ke nan, zaman birni ya sa hannunki ya yi laushi. Ai na bar raga, ta tsufa, zare kuma ya yi tsada. Gura nake sawa yanzu."

Gura wani keji ne da ake saƙawa a nutsa a ruwa da ɗan dusa a ciki, kifi ya shiga ya kasa fita. Wanda aka kama da ita zazzage shi kawai ake yi, ba ruwanka da ƙaya. Maganarsa ta hau daidai, har da batun 'yan ƙananan ma, don gura ba ta zaɓe. Wallahi sai da na ji kunya ta rufe ni. Na ƙara masa miya, na yi ta jansa da hira don in wanke abin da ke raina.

Da ya tafi ina wanke kwano sai wani abu ya faɗo mini. Kifin gura da rai ake zazzage shi, kuma kurungu yana da taurin rai. A da, ko na raga ne, in na buɗe jiƙaƙƙen buhun nakan tarar da ɗaya ko biyu suna motsi, wani har da ɗan kukansa. Tun da aka fara kawo masu ƙaya ban ƙara jin kukan ko guda ba. Na zauna a bakin rijiya da kwano a hannu, na ce lallai da walakin, goro a miya.

Akwai wata Bafulatana mai kawo mini nono, rugarsu tana yin rani a wajen garinmu, ita kuma takan shigo Potiskum wurin 'yarta da ke aure a nan. Na tare ta da hira, na tambayi mutanen gida, na tambayi ruwa. Ta sauke ƙwarya ta ce ruwa kam sai addu'a. Ta ce akwai gurbin da ke ƙarƙashin manyan itatuwa, shanunsu sun je sun sa hanci sun juya, ƙememe sun ƙi sha, har maza suka koma tonon yashi suna shayar da su. Ta ce wata safiya sun tarar da kwaɗi da ƙaguwa a baki-baki duk sun mutu, kuma sarkin ruwa ya rantse in ya kama mai yin wannan aiki sai ya bar garin.

Na ce, "Ana zargin wani ne?"

Ta dube ni, ta dubi kaskona, ta gyara zanenta. "Mu baƙi ne, me muka sani," in ji ta. Ta ɗauki ƙwaryarta, ko kurɓar ruwan da na kawo mata ba ta yi ba.

Gurbin da ta faɗa na san shi kamar tafin hannuna, a nan Baba yake kafa raga, a nan Yaya ya koya mini iyo. Amma ba shi kaɗai ke kamun kifi a wurin ba, masunta sun fi a ƙirga. Kuma kallon da matar ta yi wa kaskona, wa ya sani, ko yunwa take ji. Haka na yi ta yi, in ɗaura in kwance. In na tuna ranar da ya ɗauko ni a kafaɗa ya haye da ni kogi yana cike, sai in ce tir da ni. In na buɗe daro na ga ƙayoyin nan a miƙe, sai in ce biri fa ya yi kama da mutum. Na rame. Maigida ya dawo daga tafiya ya tambaye ni ko ciki ne, na ce zafi ne. Ban gaya masa ba, don shi mutum ne mai saurin hannu, kafin in rufe baki zai iya hawa mota ya nufi Fika, kuma maganar da ta fita ba ta dawowa.

Tambayar Yaya kai tsaye ba za ta yi ba. In bai yi ba, na kashe zumuncin da ya rage mini a duniya da bakina. In ya yi, zai rantse, ni kuma in ya rantse dole in karɓa. Ina son in sani ba tare da na tambaya ba, kuma na daɗe ina juya abin kafin dabara ta zo mini.

Sai ga saƙo ta bakin direban a-kori-kura cewa ranar kasuwa mai zuwa Yaya zai zo da 'yarsa, za a saya mata takalmi. Yarinyar ba ta shiga makaranta ba tukuna, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, sunan Inna aka sa mata, kuma duk garin an san yadda yake ji da ita. Da sassafe ranar na sa mayafi na tafi kasuwa da kaina, wurin wani tsoho mai kawo kifi daga wani ruwan dabam. Na zaɓi kurungu masu karyayyar ƙaya, wasu ma suna motsi, na ɓoye su a ɗaki cikin tukunya. Da Yaya ya iso da daronsa na karɓa na yi godiya, na shiga da shi madafa. Nasa na tura bayan murhu na rufe, na tsohon na gyara na toya. In an sare ƙaya an toya, ko wanda ya kama kifi ba zai gane nasa ba.

Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, na kawo shinkafa da mai da yaji, na ɗora kifi a faranti har ya yi tozo.

Na ce, "Yau kam sai ka ci kamun hannunka, Yaya. Kullum kai ke kawowa, ban taɓa ganin ka ɗanɗana ba."

Ya dubi farantin. Ya ce ai shi kifi ya gundure shi, wanda ke kwana cikin ƙarni me zai yi da shi. Na ce ko ɗaya ne ya ci don ya ji hannuna, in ba haka ba zan ce raina girkina ya yi. Ya yi bisimilla ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya ci. Ya ƙara na biyu. Yana taunawa yana ba ni labarin wahalar mai, yadda suka yi ta jira a tasha kafin mota ta tashi. Na ce alhamdulillahi a zuci, na fara shirya yadda zan roƙi gafarar Allah a kan zargin da na yi wa bawan Allah.

Yarinyar tana can tana wasa da yarana a bakin rijiya, sanye da sabon takalminta. Ƙamshi ya jawo ta. Ta zo ta durƙusa kusa da ubanta, ta miƙa hannu ta ɗauki kifi ɗaya, ƙarami, ta kai baki.

Ban ga lokacin da hannunsa ya tashi ba. Ji kawai na yi ya buge hannun yarinyar, kifin ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙasa. Ya kama haɓarta ya sa yatsa a bakinta ya ƙwaƙulo ɗan abin da ta gutsura, yana cewa tofar, tofar. Yarinyar da ko tsawa bai taɓa yi mata ba ta tsaya tana kallonsa, sannan ta fashe da kuka.

Ya ɗago muka haɗa ido. Ya ce, "Ƙaya. Kar ƙaya ta maƙale mata."

'Yar masunci ce, tun kafin ta iya magana take cin kurungu, ta fi ni iya zare ƙashinsa. Ya san na san haka. Na jawo yarinyar na share mata hawaye, na ɗauki wani kifin daga farantin na ɓare na sa mata a baki. Ya yunƙura zai tashi.

Na ce, "Zauna, Yaya. Ba naka ba ne. A kasuwa na saya da safe. Naka yana bayan murhu."

Ya koma ya zauna. Na tura yarinyar wurin 'yan'uwanta da kifi a hannu. Na jira ya ce wani abu, ko ƙarya ce, ko faɗa, ko ya ce ruwa ya ƙafe ne iyali sun yi yawa, da na ji da kunnena wataƙila da na sami inda zan ajiye abin. Shi kuwa sai murza ƙwayar shinkafa yake ta yi a bakin faranti.

Na ce, "Ban tambaye ka mutanen gari da na sayar wa ba, wannan tsakaninmu da Allah ne, ni da kai. Nawa yaran fa? Ka san su ke cin ragowa. Tun farkon rani suke ci."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai ba ni haƙuri, "Ai naki sun yi ƙwari, Auta."

Daidai lokacin ƙaramin nawa ya taho yana tangaɗi, ba wando, hanci duk majina. Yana son kawunsa ƙwarai. Ya zo ya dafa gwiwarsa ya ɗaga hannuwa biyu yana son a ɗauke shi. Yaya ya kai hannu, yadda ya saba.

Na riga shi. Na ɗauke ɗana na saɓa a kafaɗa, yaron yana ta miƙa hannu baya yana kuka. Na ce wa Yaya la'asar ta kusa, in bai tashi yanzu ba motar Fika za ta bar su.